Daga Maraɗi zuwa Santambul: yadda ake shirya ziyarar hutu a Turkiyya

Mutanen Maraɗi sun fi sanin Turkiyya ta kayanta: abaya, kwat, takalma, darduma, kujerun falo. Yawancin masu zuwa sari ne ke kai su, su sauka a unguwar Laleli ta Santambul, su yi mako guda tsakanin shaguna da ofishin masu aika kaya, su dawo ba su taka ko masallacin Sultan Ahmad ba, alhali tasha uku ce tsakaninsu da shi a jirgin titi. Tafiyar hutu shirinta daban ne, kuma rabinsa tun daga gida ake gama shi.

A fara da biza. Mai fasfon Nijar yana neman ta ne ta ofishin jakadancin Turkiyya da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2012. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Za a nemi hotuna, shaidar kama tikitin zuwa da dawowa, shaidar kama ɗakin otal, inshorar tafiya, takardar banki, da abin da ke nuna sana'arku: rajistar kasuwanci ga ɗan kasuwa, takardar aiki da ta hutu ga ma'aikaci. Abu biyu ke yawan kada mutane. Na farko, asusun da ya yi watanni a bushe sannan a zuba masa kuɗi masu yawa ana gobe za a kai takardu. Mai dubawa zai gane aro ne. Na biyu, ranakun otal da na tikiti su saɓa. Ku fara nema da sauran wata ɗaya da rabi, kuma kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Bizar intanet da ake tallatawa ba kowane fasfo ta shafa ba, shafinta na gwamnati kuwa ɗaya ne, evisa.gov.tr. Duk wanda ya ce zai fitar muku da ita ta waya cikin kwana ɗaya, ku riƙe kuɗinku.

Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, wato yini guda a mota. Ku isa Yamai kwana ɗaya kafin ranar tashi, domin faci ɗaya a hanya ya isa ya sa jirgi ya bar mutum. Turkish Airlines na tashi daga filin Diori Hamani zuwa Santambul, tafiyar wajen awa shida idan bai yada zango ba. Katin rigakafin shawara ya zauna tare da fasfo. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu, rani da damina. Cajar wayarku za ta shiga bangonsu, soket iri ɗaya ne da namu. Garin yaji ku ɗauka, don girkinsu bai cika zafi ba. Kilishi kuwa ku bar shi gida, ba a yarda matafiyi ya shiga da nama ba.

Maganar kuɗi: kada ku dogara da sefa a can. Ku canza zuwa yuro tun a gida, tunda farashinsa a tsaye yake, kimanin sefa 656 kowane yuro ɗaya, sai ɗan abin da mai canji zai ɗora. A filin jirgi ku canza kaɗan, na mota da abincin ranar farko, sauran ku kai shagunan canji na cikin gari masu rubutun Döviz, musamman na kusa da Babbar Kasuwa. Lira, kuɗin Turkiyya, na yawan faɗuwa, saboda haka a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Otal kuma ku kama shi kafin ku tashi, domin tun 2017 Booking.com ba ya bari a kama ɗakin Turkiyya daga cikin ƙasar.

Lokacin tafiya yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Afirilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne daidai. Sanyin Janairu a Santambul ba irin hunturunmu ba ne mai wucewa da hantsi. Ruwa ne da iska yini guda, wani lokaci har da ƙanƙara, riga da wando na shadda ba za su tare shi ba. A kuma duba kalandar salla: ƙaramar salla hutun kwana uku ce, babba kwana huɗu, Babbar Kasuwa na rufe, motoci da otal-otal sun cika da ƴan ƙasa.

Filin jirgin Santambul yana nesa da tsakiyar gari, kusan kilomita 40. Akwai motocin Havaist da jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M11, duka sun fi tasi araha nesa ba kusa ba. Ku sayi katin Istanbulkart a injin da ke tasha ku zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga bas, jirgin titi da jirgin ruwa. Layin da za ku fi mora shi ne T1, wanda ke ratsa Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet da Eminonu. Ku lura da tikitin komawa ko na zuwa wani gari: birnin na da fili na biyu, Sabiha Gokcen, can ɓangaren Asiya, kuma wanda ya rikita su da wuya ya cim ma jirginsa.

Kwana biyar sun isa ganin manyan wurare idan aka tsara ranaku. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, Babbar Kasuwa ba ta ci ranar Lahadi. A Topkapi ne ɗakin Amanoni Masu Tsarki yake, inda aka ajiye alkyabba da takubban da ake danganta wa Annabi (SAW) da sahabbai, waɗanda aka fara tarawa bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba yankewa. Ku je da zarar an buɗe ƙofa, ku fara da wannan ɗaki kafin layi ya yi tsawo. Aya Sofiya an gama gina ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020. Tun 2024 baƙi masu kallo suna biyan kuɗi su hau bene ta wata ƙofa daban da ta masallata. Masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557, ya fi natsuwa, kuma daga farfajiyarsa ake hangen ruwan da ya ratsa birnin. Ku ware safiya guda don Eyup Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Da yamma ku shiga jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar. Da kusan kuɗin bas kun tsallaka daga Turai zuwa Asiya.

A masallaci za ku ga bambanci, kada ya dame ku. Turkawa Hanafawa ne: liman ya gama Fatiha ba za ku ji amin da ƙarfi ba, wuturi raka'a uku ce a haɗe, jam'in asuba kuma sukan jinkirta shi sai gari ya fara haske. Bayan sallama ladan ne ke jan tasbihi, kowa na zaune. Takalmi ana sa shi a leda a shiga da shi, ko a ɗora a kanta.

Ga abin da ya fi jawo saɓani tsakaninmu da su. Ka tambayi mai shago ko yana da kaza, sai ya ɗaga haɓa, ya ɗaga gira, ya yi wani ɗan sauti da harshe mai kama da tsaki. Ba raini ba ne, cewa yake babu. Shayi kuma a ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu ake kawo shi, da sukari ƙwaya biyu a gefe. Karɓarsa a shago ba ya wajabta muku saye. In an gayyace ku gida, a cire takalmi a ƙofa, za a miƙo silifa, a riƙe ɗan baklawa, wani kayan zaƙinsu, a matsayin tsaraba. Yaro zai sumbaci hannun dattijo ya ɗora a goshinsa. Namiji sa'a ana ce masa abi, mace abla, dattijo amca. Sunan Ataturk kuwa, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, a kama baki a kansa, akwai dokar da ke hukunta mai cin mutuncinsa, kuma ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe, lokacin da ya rasu, jiniya na kaɗawa, kowa ya tsaya cik.

Abinci kusan duka halal ne, amma ana sayar da giya a fili, musamman wajen Taksim. Mafi araha da ƙoshi su ne gidajen abincin ƴan kasuwa, esnaf lokantasi, inda ake nuna tukunya da yatsa: miyar adas, shinkafa, wake da miya, nama. Ayran nono ne mai gishiri. Wurin da babu farashi a rubuce, a tambaya kafin a zauna.

Ƴan damfara dabarunsu sanannu ne. Mai goge takalmi zai yar da buroshinsa a gabanka, ka tsinta masa, ya ce zai goge maka don godiya, a ƙarshe ya tsawwala kuɗi. Wani zai yi maka fara'a ya ja ka shan abin sanyi, lissafi ya zo ninkin ba ninkin, ƙarti na tsaye a ƙofa. A tasi, a tabbata mita na aiki, kuma in za ku miƙa lira 200 ku faɗi adadin da baki, don akwai masu musanya ta da ta 20. Fasfo ya kasance a jikinku, ƴan sanda na yawan binciken takardu a Aksaray da Kumkapi. Lambar gaggawa 112 ce.

Mai ƙarin kwanaki ya leƙa Bursa, ta jirgin ruwa sannan mota, ya ga Ulu Jami mai ƙubba 20. Ko Konya ta jirgin ƙasa mai sauri, wajen awa biyar, garin Jalaluddin Rumi da ya rasu a 1273. A Kapadokiya balan-balan masu ɗaukar mutane sama da asuba suke tashi kuma iska na sa a soke su, don haka a ba wurin kwana biyu ko uku.

Sayayya a bar ta kwana biyun ƙarshe. A Babbar Kasuwa ciniki ake yi, farashin farko ba shi ne na gaskiya ba, a manyan kantuna kuwa ba ragi. Kada ku ɗauki tsohon sulalla ko gutsuren dutse daga wurin tarihi, fitar da su laifi ne da ke kai mutum kotu. Ku auna akwatuna a otal, kowanne kada ya wuce abin da tikiti ya rubuta, galibi kilo 23. Abin da ya ƙaru a ba masu aika kaya na Laleli a karɓi rasit. Ku ƙirga kwanakin bizarku daga ranar shiga, domin wuce wa'adi tara ce a filin jirgi, wani lokaci har da hana dawowa. Ranar tashi a bar otal da sauran awa biyar, cunkoson hanyar filin ba shi da tabbas.