In Kwaɗayin Giya Ya Taso Maka

Ɗaliban Yelwa a Bauchi sun dame ni da tambayar yadda mutum zai yi in kwaɗayin giya ya taso masa, kuma na ji daɗi da suka yi ta. Ga yadda ake yi:

1. Da ranka ya biya, tashi daga inda ake sha.
2. Buɗe Tetris, wasan jera tubali, a wayarka.
3. Kafa ido kan tubalan da ke gangarowa, minti 3. Ƙwaƙwalwar da ke jera tubali ba ta samun sararin zana maka kwalba mai raɓa.

Hattara: ban da Facebook, hoton kwalba na iya faɗo maka.

4. Bai lafa ba? Ƙara minti 3.
5. Kira abokin da ba ya sha.

Ɗan'uwa, in hannunka na rawa idan ba ka sha ba, kada ka daina farat ɗaya, jijjiga na iya biyowa. Je ka ga likita tukuna.