Abin da direbobin kai kaya za su yi idan abokin aiki ya rasu farat ɗaya

Direban da ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar lodi daga Kasuwar Singa ko Dawanau zuwa Zariya, Gusau ko Azare ya fi ganin abokan aikinsa a kan yadda yake ganin 'ya'yansa. Tare suke sallar asuba a bakin gareji, tare suke jiran 'yan dako su gama lodi, kuma idan taya ta fashe cikin dare tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, ɗayansu ake fara kira. Saboda haka ranar da aka ce wane ya rasu, ko ta hatsari ko ta yanke jiki ya faɗi, tashar gaba ɗaya takan rikice, ga kuma kayan mutane a kan motoci suna jiran a kai su.

Abu na farko shi ne yadda za a isar da labarin. Kada a kira direban da yake kan sitiyari a faɗa masa rasuwar amininsa, domin hannun da ya yi sanyi ba zai iya riƙe mota mai tan talatin ba. Shugaban tasha ya sa mutum ɗaya ya binciko waɗanda suke kan hanya, a ce wa kowannensu ya sami wuri ya faka ya kashe mota, sannan a sanar da shi. Iyalin mamacin kuwa, dattawa biyu ko uku ne za su taka da ƙafarsu, kuma ya fi kyau su biya ta wajen yayansa ko limamin unguwa. Ina roƙon 'yan'uwana direbobi da girman Allah su daina tura hoton gawa ko na motar da ta yi raga-raga a WhatsApp, domin babu tashin hankalin da ya kai mace ta gane rigar mijinta a wayar maƙwabciya. Idan a kan titi abin ya faru, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, a kuma tabbatar an sami rahoton 'yan sanda, saboda za a neme shi daga baya.

Ba a jinkirta jana'iza a ƙasar Hausa, don haka wanda yake Legas ko Fatakwal da wuya ya riske ta. Kada ya taka mota da gudu don ya sami sallar. Ya yi wa mamacin addu'a a inda yake, ya dawo a natse ya yi ta'aziyya.

Wurin da abokan aiki suka fi kowa amfani shi ne amanar da mamacin ya bari. Direba yakan rasu da kuɗin 'yan kasuwa a aljihunsa, da takardun kayan da bai kai ba, da bashin mai a gidan mai, da cikon kuɗin bakanike, da zubin adashe, kuma yawancin waɗannan iyalinsa ba su san da su ba. A sami littafi ɗaya, a gaban shaidu biyu, a rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bin mutane, har da na mai shayin bakin tasha. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun sanya rabon gado bayan wasiyya da biyan bashi, kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Wanda yake da halin yafewa ya yafe, ya kuma faɗa a gaban magada don kada zancen ya taso nan gaba. Wanda mamacin yake bi ya kai kuɗin da kansa, kada ya jira a tambaye shi.

A bi masa haƙƙinsa na aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take aiwatarwa, ta tanadi diyya ga iyalin ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki, sannan dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfanonin da ta shafa su yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Sai dai direbobi da yawa suna aiki ne a ƙarƙashin mai mota, babu takarda tsakaninsu, kuma a nan ne ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi su zauna da mai motar su yi magana ta gaskiya da mutunci.

Taimakon iyali ya fara da abinci, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar lokacin da ya yi shahada a yaƙin Mu'uta. Matarsa za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa idan tana da ciki, kuma a ganina karo-karon da za a riƙa kai mata kowane wata ya fi dunƙulen kuɗin da ake miƙawa ranar uku a watse. Bayan arba'in ne gida yake yin shiru, kuma a lokacin ne kuɗin makarantar yara yake tasowa.

Kai kuma da ka yi rashin, kada ka ji kunyar hawaye a gaban 'yan tasha, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Idan da hali, ka huta kwana ɗaya ko biyu kafin ka ɗauki doguwar tafiya, kuma a tafiyar farko ka sami wanda zai zauna a gefenka yana yi maka hira. Ka guji tramol da sauran ƙwayoyi da sunan neman ƙarfin hali. Ranar da za ka wuce wurin da abin ya faru, ka rage gudu tun daga nesa, in zuciyarka ta karye ka faka ka yi masa addu'a. Idan makonni suka shuɗe ba ka iya barci, ko gabanka yana faɗuwa duk lokacin da ka riƙe sitiyari, ka ga likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.

Kada a manta da yaron motarsa, wanda sau da yawa shi ne ya ga komai da idonsa, kuma shi ne abincinsa ya yanke a rana ɗaya. Wani direban ya ɗauke shi, ko da na ɗan lokaci ne. Kafin a miƙa motar ga sabon direba, a bar yaron ya shiga ya cire carbin da ke rataye a madubi, da sallaya da butar da ke bayan kujera, a haɗa su da lasisin mamacin a kai wa babban ɗansa.