Yadda ake lissafa taurin dodo idan sara ya yi yawa

Masu wasan Dungeons & Dragons, wasan da ake taka rawar jarumai ana yaƙar dodanni ta hanyar jefa ƙwayoyi masu lambobi, sukan yi gardama a kan lamba ɗaya, wadda takardar dodo ke rubutawa da DR, wato abin da ake ragewa daga ɓarnar sara. Mu kira ta tauri, don aikinta ke nan: kamar ɗan tauri, ƙarfe na sauka a jikinsa amma ba ya ci yadda ya kamata. A bugun 3.5 na wasan, na 2003, da wasan Pathfinder na kamfanin Paizo da ya biyo a 2009, ana cire taurin ne daga kowane sara da ya samu, ɗaya bayan ɗaya. Ba a tara saran zagaye guda a cire sau ɗaya.

A ce dodo na da tauri 5. Mai wuƙa biyu ya same shi sau huɗu, ƙwayoyi suka ba da 6, 7, 4 da 8. Jagoran wasa zai cire 5 daga kowanne, ya rage 1, 2, 0 da 3, wato 6. Da ya tara 25 ya cire 5, sai ya rubuta 20, dodon ya faɗi tun bai yi komai ba. Mai takobi babba kuwa da ya yi sara biyu, 12 da 13, shi ma 25 ne a baki, amma 15 ke shiga. Shi ya sa tauri ke karya masu yawan ƙananan sara, kamar yadda a fagen dambe bugu ɗaya mai nauyi ya fi tsikari goma.

Kafin a cire komai, a duba abin da ke bayan sandar (/) da ke gefen lambar a takardar dodo, shi ne makarin taurin. Ƙwarangwal na da 5 amma kulki ko guduma na ratsa shi. Mai rikiɗa kyarkeci sai azurfa. Idan ɗan layi kawai aka ja a wurin, kamar taurin 1 da jarumin daji (barbarian, wani nau'in jarumi a wasan) ke samu a mataki na 7, babu makamin da ke karya shi. Mai makamai biyu a duba kowane hannu daban, don wuƙar dama na iya zama ta azurfa, ta hagu kuma baƙin ƙarfe.

Sai a haɗa duk abin da ke cikin sara ɗaya kafin cirewa: ƙwayar makami, ƙarfin damtse, da ƙarin harin sari-ka-noƙe (ƙarin ɓarnar da ake samu idan an shammaci abokin gaba). Idan sara ya faɗa makasa aka ninka shi, ninki ne farko. Sara 8 da aka ninka ya zama 16, a cire 5, saura 11. Wanda ya fara cirewa 6 zai samu, ya cuci ɗan wasansa. Wuta, sanyi da tsafin boka ba ruwansu da tauri, don haka takobi mai ci da wuta a ware ƙwayar wutarsa da wata kala, ta wuce gaba ɗaya. Idan taurin ya cinye saran duka, dafin da ke bakin wuƙar ma bai shiga ba.

Maharba su lura: dabarar Manyshot na sakin kibiya fiye da ɗaya lokaci guda, amma kowace kibiya sai an cire mata nata. A Pathfinder, Clustered Shots ce ke ba da damar tara kiban zagayen a cire sau ɗaya. Tauri biyu a jiki ɗaya kuma ba sa haɗuwa, wanda ya fi amfani a kan wannan saran shi ake ɗauka.

Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, ya koma raba ɓarna biyu maimakon cire tauri, a zubar da guntun. Nan ma kowane sara daban: 7 da 7 su zama 3 da 3, wato 6, ba 7 ba.