Yadda ake rubuta ƙ, ɗ da ɓ a kwamfuta

Wanda ya rubuta "karya" alhali "ƙarya" yake nufi ya kira macen kare ne bai sani ba. Haka baki da baƙi. Allon madannai na yawancin kwamfutocinmu ba ya ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, amma a Microsoft Word fito da su ba wuya.

Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Ta ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuma 0253. Manyansu: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ a inda ake sa 'y a Najeriya, tasu 01B4 ce.

Da farko ka rubuta lambar a daidai inda kake son harafin. Sai ka riƙe Alt, ka danna X. Nan take lambar za ta rikiɗe ta zama harafi.

Akwai wani tarko da ya sha ba ni haushi kafin na gane kansa. In kana rubuta "baƙo", ka sa 0199 bayan "ba", Word zai haɗa b da a cikin lambar, domin a lissafin Unicode haruffan a zuwa f su ma lambobi ne. Ka danna, ko dai shiru ko wani abu daban ya fito. Maganinsa ka fara da u+, wato u+0199, sannan Alt da X.

To amma wa zai yi ta haddar lambobi yana tsakar rubuta dogon labari? Gara ka yi wa kowane harafi gajeriyar hanya sau ɗaya. Shiga Insert, sai Symbol, sai More Symbols. Rubuta lambar a akwatin Character code, harafin zai bayyana. Danna Shortcut Key, ka latsa madannan da ka zaɓa, misali Alt da K, sannan Assign. Na babban baƙi ka ƙara da Shift. Ka dai duba ƙasan akwatin tukuna, don Word yakan nuna in madannan suna da wani aiki. Ctrl, Alt da D, alal misali, an riga an ba su nasu.

In ɗan murabba'i ya fito maimakon harafi, laifin salon rubutun ne. Koma Times New Roman ko Arial.

Alamar naira ma haka take: 20A6, sai Alt da X, ga ₦.