Yadda Nake Bin Salsalar Porsche Kafin in Shiga Ƙofar Ruwa

Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mini Porsche Cayenne samfurin 2005, mai inji V6, tana zafi tun daga Hotoro har ƙofar garejina. Famfon ruwa ne ya mutu. Yaron da ya aika Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ya ambaci sunan Porsche kawai, mai kaya kuwa ya yanka masa farashin da ya sa Alhaji salati. Na kwance tsohon famfon, na goge shi da tsumma da ɗan fetur, na miƙa masa. Ga tambarin Volkswagen nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfen.

"Malam, wannan kuma ta yaya?"

Na ce, "Alhaji, ai 'yan gida ɗaya ne."

Shi ya sa nake son duk mai irin wannan mota, ko mai niyyar saye, ya san yadda ake bin salsalarta. Ga yadda nake yi.

Da farko ka raba sunaye uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai Porsche AG, wanda ke ƙera motocin, mai hedikwata a Stuttgart ta ƙasar Jamus. Akwai Volkswagen AG, wanda ke riƙe da kusan kashi 75 cikin ɗari na Porsche AG. Sai kuma Porsche SE, wanda ba ya ƙera ko taya ɗaya. Kamfani ne na riƙon hannun jari, mallakar zuriyar Porsche da Piëch, kuma shi ke da fiye da kashi 53 na ƙuri'un Volkswagen. Jihar Lower Saxony ta Jamus na da kashi 20, Ƙatar na da 17. Wato Volkswagen ne uban gidan masu ƙera Porsche, amma iyalan Porsche su ne iyayen gidan Volkswagen. Idan ka ji ana gardama a majalisa kan wa ya mallaki wa, ka fara tambaya: wane Porsche ake nufi, AG ko SE? Yawanci a nan gardamar ke mutuwa.

Bayan haka ka jera shekarun, domin mallaka tana sauya hannu, motar da ke gabanka kuma tana da shekararta. Ferdinand Porsche ya buɗe ofishin zanen motoci a 1931, kuma shi ya zana Beetle ta Volkswagen, wadda daga baya aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, iyayenmu suka hau ta. Jikansa, Ferdinand Piëch, ya shugabanci Volkswagen daga 1993 zuwa 2002. Ka ga zumuncin ya girmi cinikin. Shi ya sa Cayenne da Touareg ta Volkswagen, da suka fito a 2002, aka gina su kan ginshiƙi ɗaya tun Volkswagen bai mallaki Porsche ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A 2005 ƙaramin kamfanin, wato Porsche, ƙarƙashin shugabansa Wendelin Wiedeking, ya fara sayen hannun jarin babban, wato Volkswagen. A watan Oktoba na 2008 Porsche ya sanar cewa yana da kashi 42.6, da kuma damar kai wa kusan kashi 74. Farashin hannun jarin Volkswagen ya yi tashin gwauron zabo, har ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Sai dai da bashi aka yi wannan saye, kusan Yuro biliyan 10, ga tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, bankuna sun ƙanƙame hannu. Reshe ya juye da mujiya. Wiedeking ya sauka a Yulin 2009, Volkswagen ya sayi kashi 49.9 na sashen ƙera motoci a wannan shekarar, ya ƙarasa sauran 50.1 a 2012. A Satumbar 2022 aka kai wani ɓangare na Porsche AG kasuwar hannun jari ta Frankfurt. Ni dai ina jinjina wa iyalan: sun sayar da masana'anta, amma ba su saki linzami ba.

To, sai ka koma jikin motar. Leƙa ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi mai harufa da lambobi 17. WP0 a farko na nufin Porsche irin su 911, WP1 kuma irin su Cayenne. Touareg kan fara da WVG. Na goma a jerin shi ke gaya maka shekarar samfuri, a ta Alhaji 5 ne. Ka ɗauki hotonta a waya. Sannan ka sa bakanike ya kwance abin da ya lalace, ya wanke shi, a karanta lambar da aka buga a jikinsa. A Cayenne ta farko za ka riƙa cin karo da lambobi masu farawa da 7L, irin na Touareg. Da wannan lambar za ka shiga Ƙofar Ruwa, da tsohon ƙarfen a hannunka, ba da sunan mota a bakinka ba.

Amma a kula, ina roƙo. Zama gida ɗaya bai sa komai ya zama ɗaya ba. Injin V6 mai lita 3.2 na Volkswagen ne, amma V8 na Cayenne ta farko Porsche ne ya ƙera abinsa. Birki da na'urar kwamfutar inji ba na yarda a yi musu canki-canka. Idan lamba ba ta yi daidai ba, har harafin ƙarshe, sai an tabbatar kafin a ɗaura, domin ran mutum ne a cikin motar.

Haka za ka bi idan wata mota ce daga gidan. Lamborghini ta ratsa hannun Chrysler a 1987, kafin Audi, wanda shi ma na Volkswagen ne, ya saye ta a 1998, kuma Urus ɗinta ginshiƙinta ɗaya da Audi Q8 da Bentley Bentayga.

Alhaji kuwa, ranar da kansa ya bi ni kasuwa. Muka ajiye tsohon famfon a kan benci, mai kaya ya karanta lambar, ya shiga ciki ya fito da na Touareg. Kafin la'asar mun ɗaura, allurar zafi ta tsaya a tsakiya.