Yadda za ka tantance tsaron makullin kwantum kafin ka yarda da shi

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Ɗanfodiyo ya zo min da zancen wai QKD, wato raba makullin sirri ta hanyar kimiyyar kwantum mai aiki da ƙananan ƙwayoyi irin na haske, ba mai iya fasa shi har abada. Na ce mishi tsaya, ga yadda ake duba abin.

Fara gane mi yake yi. Ba saƙon yake ɓoyewa ba, makullin sirri kawai yake rabawa tsakanin mutum biyu ta ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya cikin wayar faiba. Bennett da Brassard suka kawo tsarin a 1984, shi ya sa ake ce mishi BB84. Duk wanda ya auna ƙwayar a hanya sai ya jirkita ta, kamar tsakar gidan da aka share ne, ɓarawo na takawa sawunshi zai fito. To sai ku kwatanta wani yanki na makullin a fili, in kuskure ya haura kusan kashi 11 cikin ɗari ku zubar da shi ku sake.

Sannan ka tambaya, ya aka yi ka san da wa kake magana? QKD ba ya tabbatar da wannan, dole akwai wani ɗan sirri da kuka riga kuka raba tun farko, in babu shi wani na iya zama a tsakiya yana amsa ma kowa.

Inda na fi damuwa shi ne injin kanshi. Lissafin daidai ne wallahi amma ƙarfe ƙarfe ne, a 2010 masu bincike a Nowe sun haska ma na'urar karɓa haske mai ƙarfi suka makantar da ita, suka nuna ana iya kwashe makullin kaf ba tare da kuskure ya ƙaru ba, kuma injinan kasuwa ne ba na gwaji ba. Don haka ka nemi shaidar an toshe wanga rami, ka kuma tambaya ko leza ɗin da ke fitar da hasken na aika ƙwayoyin tarko, wato na gwaji masu tona asirin ɓarawo, saboda wani lokaci tana sakin biyu maimakon ɗaya, ɓarawo na iya ɗauke ɗaya ba a sani ba.

Sai nisa. Injinan kasuwa suna gajiya wajen kilomita 100, ko Birnin Kebbi ba su kai ba daga nan Sakkwato, dole a sa tashoshi a hanya kuma kowace tasha tana ganin makullin. Haka layin Bejin zuwa Shanghai mai kilomita 2,000 yake. Wa ke gadin tashoshin?

In banki ko ofis ɗinku ne, ni dai shawarata ku fara da sabon lissafin ɓoye saƙo da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2024, ML-KEM, wanda aka tsara don ko kwamfutar kwantum ta kasa fasa shi, shi kan kwamfutar da kuke da ita yake hawa, ba sai an ja sabuwar faiba ba.