Yadda za a auna shawarar sayar da kamfanin lantarki mallakar birni

Idan hukumar birni ta kawo maganar sayar da kamfanin wutar lantarkin da jama'a suka mallaka, abin da ya kamata mazauna su fara nema shi ne adadin kuɗin da kamfanin ke zubawa a baitulmalin birnin kowace shekara. A Jacksonville da ke jihar Florida ta Amurka, kamfanin JEA mai samar da wuta da ruwa yana ba birnin sama da dala miliyan 100 duk shekara. Kuɗin ciniki kuwa sau ɗaya ake karɓarsa, kuma sai an biya bashin da ke wuyan kamfanin kafin a san abin da ya rage. A ajiye wannan ragowar kusa da kuɗin shigar shekara ashirin ko talatin, a ga wanda ya rinjaya.

Daga nan sai a ɗauko takardar kuɗin wuta ta wata guda, a kwatanta ta da abin da kwastomomin mai saye ke biya a kan wuta daidai wannan. Garin Vero Beach, shi ma a Florida, ya sayar da nasa kamfanin ga kamfani mai zaman kansa mai suna Florida Power & Light a 2018 a kan dala miliyan 185, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, domin farashin wutarsa ya daɗe yana fin na mai sayen tsada. Sai dai a tambayi wanda zai riƙa yanke farashi bayan ciniki, domin a Florida ikon yana barin hannun birni ya koma ga hukumar jiha.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a binciki wanda zai amfana da cinikin a cikin masu tallata shi. A 2019, lokacin da ake shirin sayar da JEA, shugabanninsa sun yi ta nuna cewa makomar kamfanin ba ta da kyau muddin ya ci gaba da zama na gwamnati, har sai da mai binciken kuɗi na majalisar birnin ya zauna ya lissafa wani tsarin garaɓasa da aka tanadar wa ma'aikata, ya gano cewa zai iya cin ɗaruruwan miliyoyin daloli idan aka sayar. An janye cinikin a watan Disamba na shekarar, kuma a 2024 kotun tarayya ta samu tsohon shugaban kamfanin, Aaron Zahn, da laifin zamba. Saboda haka a nace sai wanda ba shi da ko sisi a cinikin ya duba alƙaluman, a kuma buga kwangilolin shugabanni da na masu ba da shawara kowa ya gani.

A kuma nemi a kai maganar gaban masu zaɓe, kamar yadda aka yi a birnin Cleveland da ke jihar Ohio a Fabrairun 1979, bayan magajin gari Dennis Kucinich ya ƙi sayar da kamfanin lantarkin birnin, Muny Light, duk da matsin bankunan da ke bin birnin bashi. Jama'a suka kaɗa ƙuri'ar riƙe kamfaninsu, kuma yana aiki har yau da sunan Cleveland Public Power.